Shirun Tudun Illo

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Yau a taron safe Mushe Adamu, direktanmu, ya yi ta cewa madalla har na ƙosa, kuma ko guda ba tawa ba ce. Duk na Mansura ne. Ɗiyar yayata Balki, wadda na riƙe tun ba ta iya ɗaura zani ba, wadda ni da ƙafata na roƙa mata sitaj, wato aikin koyo, a biron nan, ofishinmu. In ta yi abin kirki a ɗauke ta aiki farkon Mayu, in ba ta yi ba ta koma aika takardun neman aiki Yamai. Ranar da na kawo ta na ce wa direkta ba zai yi da-na-sani ba. To, bai yi ba. Ni ce nake neman yi.

Shekara tara ina kan kujerar nan. Ƙungiyarmu ke kula da fanfunan sola na ƙauyukan arewacin Adar, kowane da shatonsa, tankin ruwa na sama, kowane da ɗan akwati mai rezo irin na waya a ɗakin mai gadi. Ni na rubuta sikirif, ɗan shirin kwamfutar da ke zagaya akwatunan kowace safiya daga nan Tawa. Ya ƙwanƙwasa, a tambaye shi kalmar sirri, ya bayar, ya shiga, ya tambayi ruwa nawa ke cikin shato da ko fanfo na juyawa, ya rubuta a allon biro, ya wuce gari na gaba. Kafin ni sai an hau babur an je an leƙa da ido.

Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne. In akwatin wani gari bai amsa ba, sikirif ɗina ba ya fushi. Tsayawa yake yana jira, sauran garuruwa su yi layi a bayansa. Sai in lura, in danna maɓalli ya tsallake, lambar jiya kuma ta zauna a gurbinta. Ba wanda ya san da maɓallin nan sai ni, sai Mansura da na nuna wa a makonta na farko, don ina ganin gida bai kamata ya ɓoye wa gida ba.

Ita kuwa ta zo da nata. Ta sa wa kowane mataki wa'adin jira. In an ƙwanƙwasa ba a amsa ba har wa'adi ya cika, sai ya rubuta SHIRU da ja, ya faɗi a wane mataki aka tsaya, ya aika saƙo wayar Abdurazak makanikenmu, ya wuce. In kalmar sirri aka ƙi, rubutunsa daban. In layi ne ya yanke ana tsaka da magana, shi ma daban.

Ta tsaya gaban allo da ɗan hijabinta ruwan toka, ta ce, "Mushe, in akwati ya yi shiru ya kamata mu san shiru ya yi. Ba mu ga lambar jiya mu ɗauka ta yau ta ba."

Ba ta ambaci sunana ba. Da ta ambata ma da ya fi mini sauƙi. Mushe Adamu ya ce daga gobe nata za a yi aiki da shi, na gwaji.

Litinin, bayan magariba

Gobe Talata. Sai yanzu na tuna.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Da safe garuruwa suka yi ta fitowa kore ɗaya bayan ɗaya, da sauri har abin ya ba ni haushi, sai Tudun Illo, can gaba da Affala, ya fito ja. SHIRU. Wayar Abdurazak ta yi ƙara a aljihunsa. Mushe Adamu ya tafa hannu kamar an yi masa albishir, ya ce ga amfanin abin tun ranar farko. Abdurazak ya ɗaura rawani ya hau babur cikin ranar nan ta bazara.

Na zauna ina gyara rahoton wata, ban ɗaga kai ba.

Talata kasuwar Tudun Illo ke ci. Makiyaya suna shigowa daga daji da wayoyinsu a mace, kuma wuta ɗaya ce a garin, ta ɗakin mai gadin fanfo. Wurin jona abu ɗaya ne tak a bangon. Salamatu, matar Ma'azu mai gadi, sai ta zare akwatinmu ta jona igiyar sharjin wayoyi, har la'asar ta mayar. Fanfo bai san ana yi ba, aikinsa yake. Su kuma makiyayan su bar mata madara da cuku. Na gane haka tun shekarata ta biyu, na kira ta, ta yi ta rantse-rantse, na yi dariya na ce ta dai riƙa mayarwa. Tun daga nan duk wanda zai zo Tawa daga can sai ta aiko mini da cuku a leda. Ban taɓa gaya wa biro ba. Mene ne na faɗa? Talata in danna maɓalli, Laraba komai ya koma daidai.

Abdurazak ya dawo ɗazu, fuska duk ta yi toka. Ya ce ya tarar da fanfo na zuba, akwati a jone, Ma'azu na shan shayi yana tambayarsa ko lafiya. Na san Salamatu tana jin ƙarar babur ta yi maza ta mayar. Mansura ta ce ƙila rezo ne ya yanke. Ta kalle ni. Na ce ƙila.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Duk kore. Sun ja wa Mansura kujera kusa da fanka, wai na'urarta na zafi.

Juma'a, 11 ga Afrilu, da yamma

Muna tsinke zogale a tsakar gida Mansura ta ce, "Tanti, ke da kinka daɗe da garuruwan ga, Tudun Illo ya saba yin haka?"

Na ce, "Rezon arewa na, ɗiyata. Yau shina nan, gobe babu."

Ba ƙarya na yi ba. Rezon arewa haka yake.

Ta ce ta ƙara wa'adin, daga rabin minti zuwa minti biyu, ko akwatin can mai nauyin baki ne. Ta yi ta yi mini bayani da hannu, zogale na zubewa daga cinyarta, yadda bai kamata wa'adi ya yi gajere ba kar a yi wa mai jinkiri ƙazafin mutuwa, kuma bai kamata ya yi tsawo ba kar sauran su kwana a layi. Ina kallon bakinta. Ni na koya wa bakin nan cewa bismilla. Ni na fara aza yatsun nan a kan madannai, a tsohuwar na'urata mai tsagaggen gilashi, tana aji uku. Yanzu yatsun suna gudu, ba ta ko duban su, ni kuwa har gobe sai na sunkuya na nemi harafi.

Kishi nake yi. Na rubuta don in ga yadda zai yi a takarda. Bai yi kyau ba, kuma bai ragu ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan azahar

Yaya Balki ta kira daga Maradi. "Raƙiya, yaya ɗiyarki? An ce direkta na yabon ta."

Na ce wa ya ce.

"Ita ta hwaɗa min. Ta ce dut abin da ta iya ke kinka koya mata."

Na ce Allah ya yi albarka. Ta ce in dai aka ɗauke ta aiki za ta zo Tawa da kanta ta yi mini godiya a gaban mutane. Na ce zafi ya yi yawa, ta bari sai damina.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Ja. Minti biyun ma sun cika.

Mansura ta kira Ma'azu kafin Abdurazak ya tashi. Ina ji daga kujerata. Ya ce mata lafiya lau, ba abin da aka taɓa, wallahi ba abin da aka taɓa. Dama me zai ce wa baƙuwar murya daga biro? Ta ce to akwati bai amsa ba. Ya ce shi dai bai san harkar akwati ba. Mushe Adamu ya ce tunda allo ya ce shiru a je a gani.

Lambar Salamatu tana cikin wayata, wayata tana cikin jakata, jakata tana kan cinyata.

Talata, bayan magariba

Taya ta fashe wa Abdurazak kafin Affala, ya tura babur cikin rana har gari. Da ya isa Tudun Illo kasuwa ta watse, akwati a jone, ruwa na zuba. Ya dawo bai shiga biro ba, ya tsaya a ƙofa ya ce wa direkta, "Mushe, ni ba yaro ba na. Ina da iyali. In na'ura za ta riƙa aike na daji don ta ji daɗi, a nemo wani."

Mansura ta ce, "Yi haƙuri, Baba Abdu."

Ya ce, "Ke ba ki da laihi, abin naki na bai san arewa ba."

A gida ta ce kanta na ciwo, ta kwanta da wuri. Ni kuwa na ci abinci sosai, har na ƙara.

Laraba, 16 ga Afrilu, da rana

An koma sikirif ɗina. Mushe Adamu ya ce tsohon hannu daban ne, ya ce in yi haƙuri da gaggawar da ya yi. Mansura an mai da ta ɗakin ajiya ta jera takardun garanti na batura, kafin a ga yadda za a yi da ita ƙarshen wata. An dawo mini da fanka.

Na yi zaton daɗin zai kai yamma. Kafin azahar ya ƙare. Ina jin motsinta ta bango tana jan kwalaye, kuma ko a jan kwali tana da tsari, tana yi tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Ni da an yi mini haka da na yi kwana uku ban yi wa kowa magana ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, da hantsi

Ta baje na'urarta kan tabarma tana bin abin da sikirif ɗinta ya rubuta a kwanakin gwajin. Ta ce, "Tanti, duba. Dut biyun Talata na. Kuma ba a kalmar sirri ya tsaya ba, tun ƙwanƙwasawar hwarko ba a amsa ba. Awa akwatin ba shi da wuta sam."

Na ce sau biyu ba ya zama hujja.

Ta ce, "Gaskiya na." Ta koma kan na'urarta. Can ta ce, "Mi ake yi ran Talata a can?"

Na ce ruwan wanka na ya yi sanyi, na tashi. A bazara. Ruwan da ke ƙona hannu tun daga randa.

Abin da ke cina shi ne ni sai da na shekara biyu kafin in gane, ita mako biyu ta kai bakin ƙofar.

Talata, 22 ga Afrilu, da safe

Tudun Illo ya tsaya, na danna, ya wuce. Shato kashi uku cikin huɗu, lambar jiya. Ba wanda ya hau babur. Haka ake aiki.

Laraba, 23 ga Afrilu, da safe

Bai amsa ba yau ma. Salamatu ta manta ba ta mayar ba, ta taɓa yi sau ɗaya shekarun baya. Na fita bayan biro na kira ta, wayar a kashe. Ta Ma'azu ma a kashe.

Na dawo na tsaya kan allon. In na je na ce wa Mushe Adamu Tudun Illo ya yi shiru, zai ce a ina na gani, tunda allo kore ne. In na nuna masa inda na gani, to na nuna masa abin da yarinyar nan ta tsaya ta faɗa da hijabinta ruwan toka.

Gobe zai amsa.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da safe

Na danna.

Juma'a, 25 ga Afrilu, kafin a tashi

Shaton Tudun Illo babba ne. Ko da fanfo ya tsaya, abin da ban ce ya yi ba, ruwan ciki zai kai su. Kuma akwai tsohuwar rijiya ta kwari. Kuma da wani abu ne da sun kira. Mutanen ƙauye ba sa jin nauyin kira, ko fanfo ya yi tari sai sun kira.

Mansura ta leƙo da kwali a hannu ta ce, "Tanti, garin nawa ya amsa?" Garin nata. Na ce ta ga ja a allo? Ta ce a'a. Na ce to.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan azahar

Ma'azu ya zo gida. Motar 'yan kasuwa ya biyo, ya yi ta tambaya har aka nuna masa ƙofarmu. Leɓunansa duk sun tsage. Mansura ta kawo masa ruwa ya shanye, ta ƙaro, ya riƙe kwanon da hannu biyu bai ajiye ba.

Ya ce tun ran Talata da rana wani abu ya yi ƙauri a ɗakin batura, komai ya mutu, fanfo da fitila da akwati. Ya ce, "Madam, mun ɗauka kun gani. Kullum kuna gani. Mun yi ta duban hanya." Na ce me ya hana su kira. Ya dube ni. Ya ce, "Da wace wuta?"

Shato ya ƙare ran Laraba, don garken da suka zo kasuwa sun sha. Mata suna tafiya kwari da jakuna tun asuba, rijiyar kuma laka take bayarwa. Makiyaya sun kora dabbobinsu yamma, wasu 'yan maruƙa ba su kai ba. Ya ce ɗiyar maƙwabcinsa mai goyo tana kwance da zawo. Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta ba.

Mansura tana tsaye jikin ƙofar ɗaki. Ba ta kalli Ma'azu ba, ni take kallo.

Litinin, 28 ga Afrilu, da rana

Mushe Adamu bai zauna ba tun safe. An aika motar tanki daga Affala. Ya tambaye ni yaya aka yi, na ce allo ruwa ya nuna. Ya ce shekara tara ba mu taɓa ganin irin wannan ba sai da aka fara taɓe-taɓen akwatuna daga nesa da sabon abu, ko sikirif ɗin yarinyar ne ya rikita na'urar can?

Sikirif ba ya ƙona batir. Ɗan koyo ma ya sani. Na ce ban sani ba, sai an bincika.

Tana nan a ɗakin. Ta ji. Ta ce a bar ta ta bi Abdurazak gobe ta ga akwatin da idonta, in ita ta ɓata ta sani. Direkta ya ce ta je, ba don ya yarda da ita ba, don ba ya son ganin ta a biro.

A hanyar gida kabu-kabu ɗaya muka saba hawa. Yau ta ce za ta biya kasuwa.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan la'asar

Gidan ba kowa. Na share ɗakinta, abin da ban yi ba tun tana makarantar firamare.

Abdurazak ya kira biro, ya ce sun canja abin da ya ƙone, ruwa ya fara hawa shato, mata na guɗa. Ya ce yarinyar nan ta hau tsani da kanta, ta kwana ɗakin matar mai gadi, garin duk sun san sunanta. Ya ce da ita "injiniyarmu". Ni sau biyu na taɓa zuwa Tudun Illo, duka a motar ƙungiya, ban kwana ba.

Ya kamata in yi tunanin 'yan maruƙan nan da mai goyon nan. Ina yi. Amma da na rufe ido abin da nake gani shi ne Salamatu da Mansura a tabarma ɗaya suna hira, kuma Salamatu ba ta iya riƙe magana ba ko ta minti ɗaya.

Alhamis, 1 ga Mayu, da magariba

Ta dawo. Ta yi baƙi, ta rame, ta gaishe ni yadda ya kamata, har ƙasa. Ta ciro leda daga jaka ta ajiye a gabana. Cuku.

"Salamatu ta ce a ba ki. Ta ce ki yi haƙuri na wanga wata ya makara."

Na ce an gode. Na jira. Ta shiga wanka, ta fito, ta yi salla, ta ɗauki na'urarta ta shiga ɗaki. Da ta yi ihu, da ta ce Tanti mi na yi miki, ina da amsoshi, na kwana biyu ina shirya su. Ba ta tambaya ba.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Ina kwana, Tanti. Sannu da aiki, Tanti. A sayo gawayi, Tanti? Shi ke nan.

Cukun yana kan firji. Ban buɗe ba, ban kuma iya bayarwa ba.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Taro. Na sa atamfata mai kyau, don in za a kore ni a kore ni da mutuncina.

Ta tashi ta yi bayani tiryan-tiryan. Kasuwar Talata, wurin jonawa ɗaya, wayoyin makiyaya. Ta ce jan da sikirif ɗinta ya nuna gaskiya ne, akwati shiru ya yi, kuskurenta shi ne ta ɗauki kowane shiru a matsayin mutuwa ta tayar da Baba Abdu. Ta gyara. Yanzu in wa'adi ya cika sai ya rubuta rawaya, ya sake ƙwanƙwasawa da azahar, ya sake bayan la'asar, sai in duk ba a amsa ba ya koma ja. Kuma ba zai ƙara nuna tsohuwar lamba ba sai da ranarta a gefe. Wutar da ta ƙone kuwa, igiyar sharji ce mai araha aka yi wa lodi. Sun sa wa Salamatu wurin jonawa nata daban mai fis da zai yanke wuta in lodi ya yi yawa, ta roƙa kar a hukunta mai gadi, don garin ba su da wata wuta.

Abdurazak ya ce shi shaida ne. Mushe Adamu ya daɗe yana murza goshi. Sai ya juyo.

"Madam Raƙiya, shekara tara. Ba ki taɓa lura da zancen Talatan ga ba? Kuma kwana huɗu akwati bai amsa ba, ba abin da kinka gani?"

Na buɗe baki. Wallahi ban san abin da zai fito ba. Ta riga ni.

"Mushe, ba yadda za a yi ta gani. Tsohon sikirif shi kaɗai yake tsallakewa, ba ya hwaɗa ma kowa. Na duba shi layi-layi. Tanti ba ta sani ba."

Ta faɗa tana kallon direkta, muryarta ko rawa ba ta yi. Ita da na kama yatsanta na aza kan maɓallin.

Mushe Adamu ya sauke numfashi. Ya ce, "To, ba laihinki ba na, Madam. Zamani na ya wuce abin." Ya ce da tausayi, har da ɗan murmushi. Ya ce an ɗauki Mansura aiki daga yau, allon safe ya koma hannunta, ni in riƙe rahotannin wata, kuma in na samu sarari ta riƙa nuna mini sabon tsarin sannu a hankali, ba gaggawa.

Abu biyu ne a gabana, muguwa ko wadda ba ta san aikinta ba. Ta zaɓa mini na biyun, na kuma karɓa a gaban kowa, na ce na gode. Na san garin nan. Na san sunan matar mai gadi da ranar kasuwarsu da girman shatonsu tun Mansura tana haddar jadawalin lissafi. Yanzu har in bar biron nan ni ce tsohuwar da na'ura ta yi wa wayo shekara tara. Kuma ko rufin asirin, ta fi ni iyawa. Ni da na yi shiru sai da gari ya kwana huɗu ba ruwa, ita ta yi jimla uku ta tsamo ni ba ta ko jiƙe ba.

Yaya Balki ta kira tana kuka don murna. Ta ce Allah ya saka mini, ba kowace ƙanwa ke riƙe ɗiyar wani haka ba.

Talata, 6 ga Mayu, bayan magariba

Tudun Illo kore, ran kasuwa. Na gani daga nesa, daga sabon teburina kusa da ƙofa.

Ita ta yi girkin yau, tuwon hatsi miyar kuka. Na shimfiɗa tabarma, na wanke hannu, na matsa gefe na bar mata wurinta. Ta fito da tire. Kwano biyu ne a kai.

Tun ranar da Yaya Balki ta sauke ta a gidan nan da 'yar jakar leda, kwano ɗaya muke ci, ni da ita, ko da baƙi, ko muna faɗa. Ta ajiye nawa a gabana, ta gyara mini murfin, ta matso mini da ruwa. Ta ce, "A ci lahiya, Tanti." Ta ɗauki nata ta shiga ɗaki.

Ta cika mini shi sosai, har da naman da ya fi girma.